Wa Zai Yi Wa Inna Tafinta Da Jikanta?

Ranar Ƙaramar Sallar da ta wuce, bayan mun sauko daga Idi a nan Garo, muka taru a tsakar gidanmu kamar yadda muka saba, aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, aka fito da tuwon sallah. Can wajen azahar sai ga kiran bidiyo ya shigo wayata daga Ingila. Ƙanena ne da iyalinsa. Na miƙa wa mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ta gyara zama, ta matso da wayar daf da fuskarta saboda idonta ya yi rauni. Da ta hango jikanta namiji sai ta washe baki ta ce, "A'a, maigidan! Ka tafi ka bar ni ba cefane, ga sallah ta zo ko ɗan kunne ba ka aiko mini ba. To in ba za ka iya ba ka sawwaƙe mini, ga manema nan sun yi layi."

Duk tsakar gida aka kwashe da dariya. Yaron bai yi ba. Ya dubi Inna, ya waiga ya dubi ubansa, ya tambaye shi da Turanci me take cewa. Uban ya fara kame-kamen fassara, ya ga abin ba ya fassaruwa, domin kuwa ta yaya za ka bayyana wa ɗan shekara 9 da Turanci cewa kakarsa matarsa ce, kuma ga shi tana neman saki? Sai ya ce masa wai barka da sallah take yi masa. Inna ba ta jin Turanci, amma ba ta bukaci tafinta ba kafin ta gane abin da ya faru. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Ungo, ku da kuka yi boko ku gaisa." Ba ta ƙara sa hannu a kwanon tuwon nan ba.

Na gaya wa ƙanen nawa cewa zan kawo maganar nan cikin wannan mujalla tamu. Ya ce, "Yaya, ka rubuta, amma don Allah ka faɗi uzurina." To, zan faɗa, kuma ba zan rage masa komai ba, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A shekarar 2022 ya sami tallafin karatun digiri na uku a wata jami'a da ke arewacin Ingila, ya tafi da matarsa da 'ya'ya uku: babbar mai shekara 9, mai bi mata ɗan shekara 6, da 'yar autar da ba a daɗe da yaye ta ba. Ba su kaɗai ba ne. A wannan shekarar 'yan Nijeriya sama da 60,000 aka bai wa bizar shiga Birtaniya a matsayin iyalan ɗalibai, babu ƙasar da ta kai mu yawa, har ya kai daga Janairun 2024 gwamnatin can ta hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, sai masu karatun bincike irin nasa da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Sun sauka ana shirin komawa makaranta a watan Satumba. Gida ɗan ƙarami, kuɗin haya ya cinye fiye da rabin abin da ake ba shi. Kafin su ankara hunturu ya shigo, ƙarfe 4 na yamma gari ya yi duhu. Yarinyar da take ta ɗaya a ajinsu a Kano sai ga ta zaune a aji kamar kurma, domin Turancin da ta koya a gida daban, wanda ke fita daga hancin malamarta daban. Wata guda tana dawowa da kuka. Yaron kuwa ya daina magana a makaranta ɗungurungum, ko fitsari ya matse shi ba ya iya neman izini. Duk uban da ya ga haka dole hankalinsa ya tashi. Sai miji da mata suka yanke shawara: daga yau ba Hausa a gidan nan sai yara sun kama Turanci. Har a takardar makaranta, inda aka tambayi harshen da ake yi a gida, ƙanena da hannunsa ya rubuta Ingilishi.

Wannan shi ne uzurinsa, kuma na yarda tausayi ne ya sa shi. Amma ina nan a kan bakana cewa kuskure ne babba, kuskuren da Hausawa da yawa ke tafkawa a London da Manchester da Houston da Toronto, suna kiransa wayewa ko kuma su ɗora wa zamani. Zamani bai shiga gidan kowa ya hana shi magana da ɗansa ba. Mu ne muka hana kanmu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ko makarantar ba ta nemi haka ba. Shi da kansa ya gaya mini cewa da malamar ajin yaron ta fahimci akwai wani harshe a gidan, sai ta ce musu su ci gaba da yi masa magana da shi, su yi masa hira da labarai da shi, Turanci kuwa su bar mata. Ba wani abin mamaki ba ne a wurinta, domin a makarantun Ingila kusan ɗaya cikin kowane yara 5 harshensa na farko ba Ingilishi ba ne. Baturiya ta ce riƙe harshenka, Bahaushe ɗan Garo ya ce a'a, ya fi ta sanin abin da Turanci ke bukata!

Mai karatu, mu ɗan yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Yaro a Ingila yana makaranta kwana 190 a shekara, wajen awa 32 a mako, duk da Turanci. Ya fito filin wasa Turanci, talabijin Turanci, wayar hannu Turanci, kanti da asibiti da motar haya Turanci. Ita Hausa ba ta da gona a duk faɗin ƙasar sai tsakanin bango huɗun gidan ubansa, daga dawowa makaranta zuwa kwanciya barci. To wanne ne cikin harsunan biyu ke bukatar agaji? Wanda ya ɗebi ruwan tulunsa ya kai wa kogi gudummawa, kogin bai san an yi ba, shi kuwa ya kwana da ƙishirwa.

Masana ma sun daɗe da tattauna wannan batu. Tun 1962 Elizabeth Peal da Wallace Lambert suka gwada yara 'yan shekara 10 a birnin Montreal na Kanada, suka tarar masu harshe biyu sun zarce masu harshe ɗaya a yawancin gwaje-gwajen basira, alhali kafin nan ana ta yaɗa cewa harshe biyu na rikita ƙwaƙwalwar yaro. Jim Cummins, shi ma a Kanada, ya nuna cewa abin da yaro ya ƙware a kai cikin harshen uwa, kamar jero labari da kafa hujja da gane ma'ana, yana bin sa zuwa harshe na biyu, kuma yaro baƙo kan kama Turancin hira cikin kamar shekara 2, na karatu mai zurfi kuwa ya ɗauki shekara 5 zuwa 7. Ashe kukan wata guda da shirun yaro a aji matakin hanya ne da kowane baƙon yaro ke takawa ya wuce. A 1991 kuma Lily Wong Fillmore ta wallafa bincikenta kan iyalan baƙi a Amurka, inda ta nuna yadda yaran da aka tsunduma cikin Turanci tun suna ƙanana ke sakin harshen gida, har magana ta yi wuya tsakaninsu da iyayensu. A nan gida ma, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci duk shekara 6 na firamare, Turanci yana matsayin darasi guda, kuma ba su kasa takwarorinsu a Turancin ba.

Wani zai ce, to ai Hausa ba ta cikin haɗari, harshen da miliyoyin mutane ke yi daga Agadas zuwa Kumasi, don 'ya'yan mutum ɗaya sun rasa ta me ya ragu? Gaskiya ne, Hausa ba ta yi asarar komai ba. Yaran ne suka yi asara, da Inna. Ni ba makokin harshe nake yi ba, makokin zumunci nake yi.

Mu waiwayi tarihi kaɗan, domin fita waje ba yau Bahaushe ya fara ba. Fataken goro da suka bi hanyar Gwanja sun kafa zango-zango a Salaga da Kumasi da Ankara, kuma har gobe in ka shiga Nima ko Sabon Zango da Hausa za a yi maka sannu da zuwa. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya ƙare rayuwarsa a Kete-Karachi ta ƙasar Gana a 1934, kuma a can ya rubuta waƙoƙi da tarihi da Hausar ajami da Larabci, waɗanda masana ke nazari har yau. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas har bakin kogin Nilu a Sudan, inda garin da suka kafa ke ɗauke da sunansa. Su da sauran mahajjatan ƙafa da suka yada zango a Sudan sun koyi Larabci sun iya, amma jikokin jikokinsu da dama na jin Hausa ko Fulatanci. Sabo ta Ibadan tun 1916 take, a tsakiyar Yarbawa, ba ta saki harshenta ba.

Akwai ma wanda ya riga ƙanena zuwa Ingila da shekara fiye da 160. Dorugu, yaron da aka kama bauta daga ƙasar Damagaram, ya bi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, zuwa London a 1855, bai kai shekara 20 ba. Ba uwa ba uba, ba zango, ba wayar da zai kira gida. Ya zauna da wani malamin mishan mai suna J. F. Schön, ya riƙa ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da Hausa, shi kuwa yana rubutawa, kuma da yawansu suka fito a littafin Magana Hausa na 1885. Daga baya ya dawo gida, ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Yaron da ba shi da kowa ya mayar da Bature ɗalibinsa. Mu da muka je da digiri da fasfo da iyali cikakke, mun mayar da 'ya'yanmu baƙi a gidan kakanninsu.

Na san amsar ƙanena, domin ya ba ni ita. Ya ce, "Yaya, waɗancan unguwa guda suka tare, da limaminsu da mahautansu da makarantar allo. Ni kuwa a layinmu ni kaɗai ne Bahaushe." Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da ke hannunsa. Amma sai na tambaye shi, maƙwabtansa 'yan Pakistan da Indiya da Poland fa? Mutanen Poland na da makarantun ranar Asabar a garuruwan Birtaniya tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda suke koya wa 'ya'yansu harshensu. Yaro a Ingila na iya zana jarrabawar GCSE a Urdu ko Bangali ko Panjabi ko Gujarati ko Turkanci ko Larabci ko harshen Poland. Babu Hausa a jerin. Su masu waɗancan harsuna sun yi yawa, na yarda, amma sun kuma nace, sun tara yara, sun nemi malamai. Mu kuwa in an haɗu a taron sallah ko suna a can, a ci shinkafa, a ɗauki hoto da babbar riga da hula zanna, iyaye na hira da Hausa a gefe, yara na guje-guje da Turanci a gefe, kowa ya watse yana cewa an raya al'ada. Zauren da aka kama haya don cin shinkafa ba zai kamu don awa 2 na karatun Hausa ba?

Gaskiyar magana, ruwa ba ya tsami banza. Ciwon nan da shi muka hau jirgi, ba a can muka ɗauko shi ba. Wanene cikinmu da ya yi makarantar kwana bai tuna da monita mai rubuta sunayen masu yin "banakula" ba, a ci ka tara ko a ba ka yankan ciyawa don ka yi maganar uwarka? Ni da ƙanena duk mun sha wannan horo, kuma ga alama shi darasin ya zauna masa. Yau a cikin birnin Kano akwai gidajen da uwa Bahaushiya da uba Bahaushe ke fama da 'ya'yansu da guntun Turancin da bai ishi sayen gishiri ba, kuma in baƙo ya zo a ce da alfahari, "Ai ba ya jin Hausa sosai." Hukuma ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba: a 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 kuma ta soke, ta koma Turanci. Wanda aka raina wa harshensa tun yana ɗan aji ɗaya, in ya sami kansa a Ingila ba sai an ce masa ya yar ba. Alhali kuwa BBC tun 1957 take watsa shiri da Hausa, Bargery ya fitar da ƙamusunsa tun 1934, Paul Newman ya wallafa ƙaton littafin nahawun Hausa a Amurka a 2000, Philip Jaggar na SOAS ta London ya fitar da nasa a 2001. Wasu sun ƙarar da rayuwarsu suna tara abin da muke sharewa daga tsakar ɗakinmu.

Me yaron nan ya rasa? Ya rasa wasan jika da kaka, wanda a cikinsa ne tsoho ke sakin jiki da yaro, ya gaya masa abin da uba ba zai iya faɗa ba saboda kunya. Ya rasa gaisuwa mai hawa-hawa, ta kwana da gajiya da iyali da sanyi, wadda ke koya wa yaro cewa ba a faɗa wa mutum da bukata sai an tambayi lafiyarsa. Bai san dalilin da ya sa Inna ba ta kiran sunana ba, ni ɗan farinta. Ni kaina na tashi daga Baffa na koma "Ankul", sunan da yake kiran direban motar makarantarsu da shi in ya ga dama. Ran da aka yi rasuwa, Allah Ya sa da sauran kwana, da wane baki zai karɓi gaisuwa a zaure? Kuma kada a manta, bizar karatu tana da ranar ƙarewa. In ta ƙare aka dawo, ga gonar gado a hanyar Kabo, ga dangi a Getso da Gwarzo, ga yaro da ba ya iya cinikin rake a bakin titi. A can ana tambayarsa daga ina ya zo, a nan ana kiransa Bature. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji masu iya magana, amma wannan yaro bai bar gida ba, ɗauke shi aka yi aka kuma rufe masa ƙofa.

Yanzu bari in juyo kanmu, 'yan uwana marubuta, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da na gama yi wa ƙanena faɗa, matarsa ta karɓi wayar ta ce, "Yaya, mun ji. To a aiko mana da littattafan yara na Hausa." Na shiga Kano na zaga shagunan littattafai. Na sami Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fito tun ƙarshen shekarun 1930, na sami Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya sai da na sha yawo kafin in sami wani tsohon kwafi. Taskar Tatsuniyoyi ta Dokta Bukar Usman aiki ne babba, Allah Ya saka masa. Amma littafi mai hoto mai launi, mai jimla ɗaya a shafi, wanda uwa za ta karanta wa 'yar shekara 4 kafin barci, ban samo ko guda biyar ba. Tun daga shekarun 1980 muka cika kasuwa da littattafan soyayya, muka yi ta muhawara a jaridu kan ko adabi ne ko ba adabi ba ne, yanzu kuma mun koma rubutu a waya, duk manya muke yi wa. Yaron da ke Ingila yana zuwa laburaren unguwa ya ari littafi 10 kyauta, kowanne kamar a lashe don kyau. Da me Gizo da Ƙoƙi za su yi takara in ba mu yi musu sutura ba? Kuma wa muke sa ran zai karanta littattafan namu nan da shekara 30, in ba mu yi renon mai karatu tun yana rarrafe ba?

Don haka ga abin da nake kira a kai. Iyayen da ke waje su mayar da Hausa harshen cikin gida, ba sassauci: yaro ya yi tambaya da Turanci a amsa masa da Hausa, ba tsawa ba dariya, domin yaron da aka yi wa dariyar gurguwar Hausa ba ya sake buɗe baki. A rubuta Hausa a takardar makaranta, ba abin kunya ba ne. A ware lokaci kowane mako kaka ta yi wa jikoki tatsuniya ta waya, uba kuma ya kame bakinsa daga tafinta. In hali ya yi, a turo yara dogon hutu gida, a bar su cikin 'yan uwansu a ƙauye, kada a killace su a otal cikin birni. Ƙungiyoyin Hausawa da ke ƙetare su buɗe ajin Asabar, ko da yara biyar ne. Mu kuma a wannan ƙungiya, kowane reshe ya ɗauki alkawarin fitar da littafin yara ko da guda ɗaya a shekara, a nemo masu zane a biya su hakkinsu, a sa shi a intanet yadda na Manchester zai same shi ranar da na Gwarzo ya samu. Ranar Hausa ta Duniya da ake yi kowace 26 ga Agusta ta zama ranar ƙaddamar da irin waɗannan littattafai, kada ta tsaya a kalankuwa da jawabai.

Babbar 'yar tana da sauran Hausa a bakinta, yaron yana ji kaɗan-kaɗan, 'yar autar ce ba ta da ko "na'am". Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma nasu bai bushe ba tukuna. Na tura musu littattafan da na samo ta hannun wani mai tafiya. Inna kuwa ta sa an auno mata kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa ta ce a haɗa, ta kuma ce in gaya wa maigidan nata cewa ta fasa neman sakin, za ta jira shi har ya iya ba ta amsa da bakinsa. Shekarunta sun haura 80. Ƙanena, kai nake wa magana: kada ka bar ta tana jira.

Allah Ya sa mu gyara, amin.

Garo, Ƙaramar Hukumar Kabo, Jihar Kano.